Bishiyata ta kakkaɓe ganye kaf, ko ta mutu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na dasa bishiyar filamboyan, mai jan furen nan, a tsakar gidana a Gwarimpa, dab da katanga. Tun shigowar hunturu take zubar da ganye, yanzu saura rassa zalla, alhali kullum sai na ba ta ruwa safe da yamma. Fure kuwa ban taɓa gani ba. In sa a sare ta ne?
Daga wata Hajiya a Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, a ajiye gatari tukuna. Ki ɗan kankare ɓawon wani reshe da farce. In kika tarar da kore mai danshi a ciki, to da ranta. Asalin filamboyan daga tsibirin Madagaska ne, kuma halinta ke nan, in rani ya tsananta sai ta zubar da ganye don ta tattala ruwan jikinta. Gawo ne muka sani da yin akasin haka, ya kaɗe da damina, ya yi ganye da rani.

Ruwan nan na safe da yamma ya yi yawa. Bishiyar da ba ganye ba ta shan ruwa sosai, sai ya kwanta a gindinta ya ruɓar da saiwa. Tunda ƙarama ce, sau ɗaya a mako ya isa, amma a zuba har ya ratsa ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da ita, kada dai ta taɓa jikin icen saboda gara. Batun fure sai haƙuri, don wadda aka raina daga iri takan kai shekara 5 ko fiye. Ƙishin rani ma shi ke sa ta fure sosai wajen Afrilu da Mayu, daidai saukar ruwan farko. Ki guji takin zamani na yuriya, ganye kawai zai sa ta yi. Ruɓaɓɓen takin dabbobi ya wadatar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne katangar nan. Filamboyan takan kai mita 10 zuwa 12, faɗin inuwarta kuma yakan fi tsayinta. Saiwoyinta ba sa nutsewa can ƙasa, sama-sama suke bi, suna kauri shekara bayan shekara. Su ne ke ɗaga daɓen siminti, su tsaga katanga, su kutsa cikin bututu da ramin sokawe. Ni dai ba na yarda a dasa ta ƙasa da mita 6 daga gini. In tazarar bishiyarki da katangar ba ta kai haka ba, gara a cire ta yanzu da ƙuruciyarta. A jira damina ta kankama, a haƙo ta da ƙasar gindinta, a rage mata rassa, a kafa sanda a ɗaure ta a sabon wurin.

Sannan icenta ba shi da ƙwari, iskar farkon damina kan karya rassanta. Ki riƙa sassabe na ƙasa har ta miƙe da gangar jiki ɗaya kamar mita 2, kuma in ta girma kada a riƙa ajiye mota a ƙarƙashinta in hadari ya taso.