Ƙarin gashi ya girmi yayin zamani

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙarin gashi sabon yayi ne da aka ƙirƙiro kwanan nan. A'a, abin ya daɗe ƙwarai.

A tsohuwar Masar maza da mata suna sa hular gashi, wasu kuma su ɗaura ƙari a kan nasu su liƙe da kakin zuma. A kufan birnin Amarna an tono gawar wata mata da ta rayu kimanin shekara 3,300 da suka wuce, kanta ɗauke da ƙarin gashi sama da 70.

A Turai, Sarki Luwis na 14 na Faransa ya mai da hular gashi kayan manya, har Ingila ta ɗora haraji a kan hodar da ake barbaɗa wa hular gashin a 1795, yayin ya dushe.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin Christina Jenkins, baƙar fata 'yar Amurka, wadda ta yi rajistar fasahar saƙa ƙarin gashi a jikin gashin kai a farkon shekarun 1950. A 1957 kamfanin Kaneka na Japan ya fito da zaren roba na Kanekalon, wanda ya sa gashin kanti ya yi araha. Ƙarin da aka yi da gashin mutum kuwa, da yawansa daga Indiya yake, inda masu ziyarar wurin bautar Tirumala ke aske kansu a yi gwanjonsa.

Da can mace kan ɓoye cewa ta ƙara gashi, yau kuwa ana sauya tsayi da launi a fili. Sai dai ki kula, ɗaurin da ya yi tsauri yana cinye gashin gaban goshi.