Ziyarar Fanar na Sanganeb: yaya ake zuwa, kuma me ya sa aka gina shi a tsakiyar teku?

Tambaya: Ni mazaunin Kassala ne. Ina son kai iyalina Port Sudan mu ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Sanganeb, wadda ake kira fanar. Ana barin mutum ya hau? Me zan shirya?

Amsa: Malam, ana hawa, amma ka sani tun yanzu, fanar ɗin ba a bakin gaɓa yake ba. Yana kan tsibirin murjani ne, wato dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa a cikin ruwa, kimanin kilomita 25 daga gaɓar Bahar Maliya, arewa maso gabas da Port Sudan, sai da kwalekwale mai inji.

Asalinsa yana haɗe da na birnin. Tashar Sawakin, inda alhazanmu suka daɗe suna tsallakawa zuwa Jidda, mashigarta ta yi wa manyan jiragen da ke bin mashigin Suwez ƙunci. Shi ya sa Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Sai dai hanyar shigarta cike take da murjani, kuma na Sanganeb yana da haɗari ƙwarai: daga zurfin ɗaruruwan mitoci yake tasowa tsaye kamar bango, ya tsaya dab da saman ruwa. Matuƙi ba ya samun gargaɗi daga awon zurfi, kafin ya ankara jirgi ya hau. Domin haka aka kafa fitila a wurin. Hasumiyar kankare da ke tsaye yau tsawonta kusan mita 50 ne. A 1990 aka mai da wurin gandun kare halittun ruwa, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da yankin tekun Dungonab da ke arewa da shi.

Izini shi ne farko. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tsaro ya tsananta a Port Sudan, saboda haka ka nemi mai kwalekwalen da zai samo takardar jami'an tsaro, ka gan ta da idonka kafin ka biya. Kada ku ɗauki hoton tasha ko na sojoji.

Ku tashi da sassafe. Iskar arewa takan ƙaru da rana, igiyar ruwa ta yi ƙarfi a dawowa. Akwai wani dalilin kuma: idan rana ta yi sama, matuƙi na bambance ruwa mai zurfi, shuɗi sosai, da mai kore-kore ko ruwan ƙasa inda murjani yake. Da yamma ƙyallin rana kan rufe wannan, a nan farfela ke karyewa.

Babu ruwan sha a can, ku riƙe aƙalla lita 3 ga kowa. Kowane mutum da rigar ceto daidai jikinsa, musamman yara. Mai jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin tashi. A sa takalmi mai rufi, domin yankan murjani yana saurin ruruwa. Idan ya faru, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu nan take. Kada a taka murjanin ko a ɓalle shi, rayayye ne.

Matakalar ta haura 250, ga ƙunci ga zafi. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya zauna a kan gadar da kwalekwale ke tsayawa, kifaye na bayyana sarai daga nan. Masu gadin fanar sukan daɗe ba su leƙa gari ba, ku gaishe su, ku nemi izininsu kafin hawa, ku kai musu sukari, ganyen shayi da ɗanyen kayan miya.