Likitan Najeriya da Lasisin Aiki a Birtaniya

Likita, ka tambaya ko digirinka na Najeriya ya isa ka fara aiki a Birtaniya. Bai isa ba, sai ka yi rajista da GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Birtaniya.

Za ka fara da jarrabawar Turanci, IELTS da jimillar maki 7.5 ko OET da matakin B, sannan a tantance takardunka ta EPIC, tsarin tabbatar da sahihancin takardun karatun likitoci. Bayan haka sai PLAB, jarrabawar GMC ta gwada ilimi da ƙwarewar likita, wadda kashinta na farko tambayoyi 180 ne cikin awa 3, na biyu kuma a Manchester ake yin sa, inda ake duba yadda kake yi wa majinyaci tambaya da bayani. Za a nemi shaidar kammala shekarar horon asibiti da takardar kyakkyawan hali daga MDCN, hukumar kula da likitoci ta Najeriya.

Sai dai lasisi daban, aiki daban. Masu neman gurbi a asibitocin NHS, wato na gwamnatin Birtaniya, sun yi yawa a 'yan shekarun nan, musamman guraben horon ƙwarewa, don haka a ganina kada ka ajiye aikinka na gida sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannunka, domin da ita ake neman bizar ma'aikatan lafiya.