Amsa: Na sauya mota, zan iya ci gaba da tsohuwar inshorata?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayar da Corolla ka sayi Sienna a kasuwar motoci ta Berger a Legas, kuma saura wata bakwai inshorarka ta ƙare. Kada ka kuskura ka hau titi da tsohuwar takardar. Lambar Corolla da lambar shasinta ne a jiki, in 'yan sanda ko VIO suka duba a NIID, wato rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasa, za su ga Siennar ba ta da inshora.

Idan cikakkiyar inshora ce, wato mai biyan har da ɓarnar motarka, je kamfanin da takardun sabuwar motar da shaidar sayar da tsohuwar, ka nemi su mayar da ita kan Siennar. Za su sake lissafi kan darajar motar, ka cika musu bambancin na watannin da suka rage. Wasu sai sun ga motar da idonsu tukuna, ni har hoton ƙaramin tsagi a gilashin gaba suka ɗauka.

In kuwa ƙaramar ce ta ₦15,000 da doka ta tilasta, wato mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, wallahi yanki sabuwa kawai. Kuɗin zirga-zirga daga Agege zuwa ofishinsu a cikin wannan cunkoson ya kusa cinye ragowar.

Shi ma wanda ya sayi Corollar ka faɗa masa ya yanki tasa, taka ba ta bin mota.