Leda, takarda ko raga: wacce za a sanya wa 'ya'yan itace?

Tambaya: Ina da gwaba uku da mangwaro ɗaya a gidana nan Jega. Sai su nuna gwanin sha'awa, a fasa a tarar da tsutsa. An ce in riƙa rufe su da leda. Farar ledar kasuwa ta isa, ko sai na sayi wata jaka ta musamman? Daga wata uwargida.

Hajiya, tsutsar nan aikin wani ɗan ƙuda ne. Macen ke huda fatar da tsinin bayanta ta zuba ƙwai a ciki. Ki duba gwabar da kyau, za ki ga ɗan ɗigo baƙi kamar sukar allura, gefensa ya yi laushi. Mafi ɓarna a cikinsu baƙo ne daga Asiya, a Kenya aka fara ganinsa a Afirka a 2003.

Leda dai ban ba ki shawararta ba. Mangwaro a bazara yake girma, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40, sai ledar ta tara gumi, fatar ta ƙone ko ta ruɓe. In ta zama dole, ki yanke kusurwoyin ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Ga mangwaro, takarda mai kauri ta wadatar, ko tsohuwar jarida ninki biyu, a ɗinke gefe. Gwabar damina kuwa ruwa zai jiƙe takardar, raga ta fi. Ba sai kin kashe kuɗi ba: ki sayi yadin raga mai ƙananan idanu, tela ya ɗinka miki 'yan jakunkuna da zare a baki. Ana wankewa a sake amfani da su baɗi.

Amma lokacin sawa ya fi irin jakar muhimmanci. Ki sa jakar idan mangwaro ya kai girman ƙwan kaza, gwaba kuwa tana ɗanya shakaf kamar ƙaramin lemun tsami. Wanda aka riga aka huda, kin rufe ɓarawo ne a ɗaki. Ki ɗaure bakin jakar a jikin reshen, kada ya matse, jakar kuma ta yi yalwa don kada ta manne da fatar, ƙudan ya soka ta waje.

Tambaya: Lambuna a Zuru manyan itatuwan mangwaro ne. Jaka nawa zan saya?

Malam, kada ka wahalar da kanka. Ka rufe na aure masu tsada da hannu ke kaiwa, ka bar na sama. Ƙarfinka ya tafi wajen tsince waɗanda suka faɗo, domin daga cikinsu tsutsar ke shiga ƙasa ta fito ƙuda. Ka zuba su a baƙar leda, ka ɗaure tam, ka bar ta a rana kamar mako guda. In an tallata maka tarko mai ƙamshi, ka sani mazan kawai yake kamawa, kuma ya fi aiki in makwabtan lambu ma sun rataya.