Yinin Rùm: dalilin da ba a biye wa tsawon rana

Ka tambaye ni, tun da a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a tsibiran yammacin Sikotilan sai bayan ƙarfe goma na dare, me ya sa nake matsa wa a tashi da shida na safe, kuma me ya sa nake yanka lokacin juyawa baya daga hawan dutse tun ba a ɗaura takalmi ba. Tambayar ta yi, yarona, domin wannan hasken shi ke ruɗar sabon jagoran masu hawan dutse. Rana tana ba ka kusan awa goma sha takwas, amma gwiwar mutanen da ka ɗauko ba ta da awa goma sha takwas.

Ɗauki tsibirin Rùm, shi ne zai fi nuna maka. Jirgin fito na kamfanin CalMac ke kai mutum daga Mallaig, garin da ke gaɓar babban yanki, ya sauke shi a Kinloch, ƙauyen da mazaunansa ba su wuce 'yan gommai ba. Zagayen duwatsun wurin ya haura kilomita 20, hawan da ke ciki in ka tara shi ya kusa mita 2,000. Lissafin Naismith na 1892, wanda ake ƙiyasta lokacin tafiya a duwatsu da shi, ya ce ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, kowace mita 600 ta hawa ka ƙara awa ɗaya. A takarda za ka sami awa bakwai da rabi ko takwas. Kada ka yarda. Wannan lissafi na mai ƙarfi ne a hanya mai kyau, bai san taɓo ba, bai san inda ake kama dutse da hannu ba. Da mutane a bayanka, sa awa goma sha biyu zuwa sha huɗu.

Daga Kinloch za ka bi hanyar kwarin Coire Dubh. Nan za a cika gora, kowa lita biyu, don da zarar an hau doron dutsen ba ruwan da za ka dogara da shi. Sai dutsen Hallival, mai tsawon mita 720 da 'yan kai, sannan Askival, mita 812, wanda ya fi kowanne a tsibirin. Dutsen waɗannan biyun mai kaushi ne, yana riƙe takalmi kamar dutsen niƙa, yana kuma cin fatar yatsa. A hanyar Askival akwai wani tsinin dutse da ya tare doron. Wannan aikin masu igiya ne, ka zagaye shi ta gabas. Ka lura da ciyawar da ta yi kore shar a can sama. Kashin wani tsuntsun teku ne ya ciyar da ita, wanda ke haƙa rami yana ƙyanƙyasa a ciki, ba ya dawowa sai da dare. Rùm na cikin manyan matattararsa a duniya. Ƙasar duk ramuka ce, in aka taka sai ta burma, ga karayar idon sawu ga ɓarnar sheƙa. Ka sa mutanenka su taka dutse.

Inda aikinka yake shi ne Bealach an Oir, kwarin da ke tsakanin Askival da dutse na gaba, Trollabhal. Wanda ya bar Kinloch da shida ya kamata ya iso nan kafin sha biyu. In ɗaya ta yi ba ku iso ba, tafiya ta ƙare, ko da sama tana nan garau, ko da kowa na cewa da sauran ƙarfinsa. Daga nan kana da mafita biyu masu sauƙi: ku gangara kwarin Dibidil, ko ku ratsa ta arewa ku koma Coire Dubh. In ka wuce nan, mafita ta yi wuya, kuma abin da ke gaba ya fi na baya cin rai. Trollabhal kawuna biyu gare shi da siririn doro a tsakani, gangarensa kuma tsakuwa ce mai zamewa. Ainshval, mita 781, da Sgùrr nan Gillean, mita 764, ba irin dutsen farko ba ne. In ya jiƙe santsi gare shi, mutum kuwa ya riga ya saba da dutsen da ke riƙe shi tun safe, sai ya saki jiki. Daga kan Sgùrr nan Gillean kada ka miƙe gabas don ka hango ɗakin kwanan matafiya na Dibidil a ƙasa, akwai bangon dutse a tsakani. Ka yi kudu tukuna, sai gangaren ya lafa ka karkata.

To ga abin da mutane ke mantawa. In an sauko Dibidil ana ganin an gama, alhali saura fiye da kilomita 8 na hanyar bakin teku, caɓi da hawa da sauka, awa uku ga wanda ya gaji. Ƙoramu na ratsa hanyar, kuma Rùm wuri ne mai yawan ruwan sama. Ƙoramar da aka tsallake jiya da taku biyu, yau tana iya kawowa har ta ja babban mutum. In ta wuce gwiwa tana gudu, ba a shiga. Ku koma ɗakin Dibidil ku kwana. Ɗakin dutse ne a buɗe ga kowa, ba abinci, ba wuta sai wadda ka zo da ita, shi ya sa nake sa a ware abincin dare ɗaya da ba a taɓawa.

Kaya kuwa, ban da auduga, ko riga ko wando, don in ta sha gumi ba ta bushewa, iska na bugawa sanyi ya shiga jiki. Rigar ruwa da wandonta, hula, safar hannu, ko a Yuli. Duk mita 100 da ka hau zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, ga iskar teku. Tocilar goshi ga kowa, usur, taswirar OS Explorer 397 a cikin leda, da kamfas. Sai dai dutsen wurin na iya karkatar da allurar kamfas, saboda haka in hazo ya rufe kada ka auna a tsugune kan dutse. Miƙe tsaye, auna, matsa taku goma ka sake aunawa, ka gwada da yadda ƙasa ta kwanta a taswira. A ci abu kaɗan duk awa, dabino, gyaɗa, burodi da cuku. Wanda ya yi shiru, ya fara tuntuɓe, ba ka tambayarsa ko lafiya, zai ce lafiya. Ba shi abinci, ka ƙara masa riga.

Akwai ƙananan ƙudajen nan masu cizo da suke kira mij. Iska kaɗan na korarsu, don haka a sama ba ruwanku da su, amma a Kinloch da Dibidil da yamma in iska ta kwanta sai sun hana mutum ɗaura igiyar takalmi. Kowa ya riƙe ragar rufe fuska a aljihu, ba a ƙasan jaka ba.

Taimako nesa yake. Masu ceto daga babban yanki za su taso, waya kuma ba ko'ina take samun sabis ba. Tun kuna Mallaig ka tura kalmar register zuwa 999 don wayarka ta iya aika saƙon neman agaji, in abu ya faru kuma ka nemi 'yan sanda, su haɗa ka da masu ceton kan dutse. Ka bar wa wani a Kinloch hanyarku da lokacin dawowarku a rubuce. Kada ka taɓa ɗora wannan tafiya a ranar jirgin komawa, don mai sauraron jirgi shi ke tsallaka ƙoramar da bai kamata ba. Ka bar kwana ɗaya rara.

Da kun iso masauki, kafin a kwanta, kowa ya duba jikinsa saboda kaska, tsibirin cike yake da barewa. Bayan gwiwa, ƙugu, hammata. A cire ta da ɗan ƙugiyar cire kaska daga gindin fata, ba a matse cikinta, ba a ƙona ta. Ka gaya musu in jan zobe ya fito a wurin cizon cikin makonnin da ke tafe, ko zazzaɓi ya taso, su je asibiti su ce kaska ce ta cije su.