Tambaya da Amsa: Kaushin Sautin Jita a Kiɗan Metal

Tambaya: Malam, daga ina jitar kiɗan metal, wato kiɗan rock mai nauyi da ƙara, ta samo wannan kaushin sauti?

Amsa: Daga bawul ɗin amfilifaya, wato ƙananan kwalaben gilashi da ke cikin na'urar ƙara sauti, waɗanda ke ƙarfafa sautin jita. Jim Marshall ya fara ƙera nasa amfilifayan a Landan a 1962, kuma a lokacin sai an ƙure ƙara kafin sautin ya yi kaushi. A farkon shekarun 1970, Randall Smith na kamfanin amfilifaya na Mesa/Boogie a Kalifoniya ya jera matakan ƙarfafa sauti na bawul samfurin 12AX7, kowane yana ingiza na gaba har ya cika ya batse, sai kaushin ya samu ko da an rage ƙara. Cikin amfilifayoyin da suka bi wannan tsari, JCM800 na kamfanin Marshall ya fito a 1981, Peavey 5150 a 1992.

A kula: idan sautin ƙasa, wato sauti mai kauri (bass), ya yi yawa tun matakin farko, kiɗan dagulewa yake yi. Shi ya sa ake sa Tube Screamer, wani ƙaramin akwatin gyara sautin jita, kafin amfilifaya, ya rage sautin ƙasan.